Mutumin da Ke Ƙarƙashin Fiffike

Ba abin da ke ƙona min rai a ɗakin zane na kwalejinmu kamar hoton nan. Bangon wata tsohuwar mujallar kimiyya ne a cikin gilashi: jirgin gwaji mai fiffike lanƙwasasshe kamar lauje, da wani mutum mai farar riga tsaye a ƙarƙashinsa. Kullum kafin a tashi sai mai shara ya juya fuskar hoton bango. Manyan malamai, da digirorinsu, ba mai cewa uffan!

Na ce masa, "Baba, daga yau kar a sake juya shi. Nan makaranta ce."

"To, Malam. Amma ka tashi da wuri."

Da gangan na zauna har bayan magariba ina duba takardun ɗalibai. Sai warin man inji ya cika ɗakin. Wani dattijo na tsaye kusa da ni, alhali ban ji motsin ƙofa ba.

"Samari, ka iya lissafi? Duba min fiffiken hagu. Na gaya musu ba zai ɗauka ba."

Muryarsa a toshe take, kamar ta bayan rufaffiyar taga. Na ce a raina, aikin mai shara ne.

"Koma ka gaya wa wanda ya aiko ka ban tsorata ba."

"Na gaji da tsayuwa, ɗana. Matso ka gani da kyau."

Na ɗaga kai don in nuna masa zane ne kawai. Jirgin na nan, fiffiken na nan. A ƙarƙashinsa babu kowa, sai farin gurbi daidai tsayina.