Yarinya Mai Cindo A Makarantu Uku

Hamdiya tana tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo, hadari ya haɗo tun azahar amma ya ƙi zubowa, sai ta ji kukan babur ɗin mijinta a ƙofar gida. Wata bakwai ke nan da aurensu, har yau in ta ji wannan kukan sai ta rasa inda za ta sa idonta don kunya.

Mu'awiya ya shigo, laka har gwiwa, baki har kunne.

"Amarya, yau na gama! Makaranta ta uku ke nan, ta gindin tsamiya, bayanan bincikena sun cika fam!"

"Sannu da hanya, Malam," ta ce, ta durƙusa ta miƙa masa ruwa.

Mu'awiya karatun digiri na biyu yake yi a Sakkwato, bincikensa kuwa a kan zuwan yara makaranta ne a ƙauyukan ƙasar Kebbe lokacin damina. Kowa ya ce masa zai tarar da azuzuwa wayam, yara suna gona. Sai ga shi duk inda ya je aji cike. Ƙanen mahaifinsa, Baffa Maccido, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya biya masa sadaki, shi ne kuma yake shige masa gaba wurin masu gari. Baffa kan ce ba a faɗa wa gari kamar ɓarawo, don haka shi yake sa masa ranar zuwa kowane ƙauye.

"Ungo, sha kallo," in ji Mu'awiya, ya miƙa mata waya ya shige wanka.

Ita Hamdiya a aji uku na sakandare ta tsaya, ba ta san kan fom da lissafinsa ba. Amma Allah ya yi ta da kallo. Hoton farko makarantar bakin fadama ce. A layin gaba ga wata yarinya da koren hijabi mai ƙunar garwashi a haɓa, ta ɗaga hannu. Hannun yana da cindo, ɗan yatsa na shida yana reto a gefen ƙaramin. Ba ta murmushi, ta dai kafe mai hoton da ido.

Ta wuce zuwa makaranta ta biyu, ta can gaba da Fakku. Hannunta ya tsaya cak. Layin gaba, koren hijabi, ƙunar garwashi, cindo.

Ta buɗe na yau, makarantar gindin tsamiya. Tsigar jikinta ta tashi gaba ɗaya. Ga ta nan dai, hannu a sama, da idanun nan. Ta ƙara duba yaran da ke bayan yarinyar, fuskokin duk su ne, sun dai canza wurin zama. Ta ja hoton ƙofar ajin ta faɗaɗa. Ciyawa ta rufe dokin ƙofa, babu turbar da ƙafa ta fitar, ga gidan rina a saman ƙofar kamar kan mutum. Ajin da yara suke shiga kullum ba ya zama haka.

"Malam," ta ce da ya fito, muryarta can ƙasa, "wagga yarinya mi ne sunanta?"

Ya leƙa, ya buɗe fom. "Ruwaida."

"Wagga fa?"

"Ummu. Wancan wani ƙauye na daban."

"To wagga?"

"Hadijatu... ke, mi kike nufi?"

"Dubi hannunta."

Ya yi dariya, ya duba. Dariyar ta ɗauke. Sau uku ya yi wa yarinyar tambayoyi, a garuruwa uku, da sunaye uku, bai taɓa ɗaga ido daga kan takarda ba. Ya zauna a kan turmi a hankali.

"Kin san wani abu? Ko da anka tashi tara ba su yi wasa ba. Duka makarantun. Zaune kawai sunka yi suna kallona."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Inna Tambaya ce, mahaifiyarsa, ashe tana bakin ɗakinta tana ji. "Gindin tsamiya kac ce? Da tsakar rana? Mutanen ɓoye na! Mu'awiya, aljanu kab bi kana ƙidaya!"

Kafin magariba gidan ya turnuƙe da hayaƙin habbatus sauda. Inna ta sa an kawar da hotunan daga idonta, ta kira Baffa a waya tana kuka.

Washegari da hantsi Baffa Maccido ya iso daga Kebbe. Aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa. Ya karɓi wayar ya duba, fuskarsa ba ta motsa ba.

"Ɗiyan ƙauye duk kama ɗaya gare su. Cindo kuwa gado na, dangi sun watsu ko'ina. Wa ya kawo wagga magana?"

Inna ta nuna ƙofar ɗakin Hamdiya da baki. Aka kira ta, ta zo ta durƙusa nesa, ta ja mayafi har goshi.

"Ke kuma aljanu kike gani?" in ji Baffa.

Da ta yi shiru da an wuce wurin. Amma ta kwana tana juya abin, kuma ta tuna da bikinta. Rabin kwanukan da aka yi mata jere na maƙwabta ne, an ara don idon baƙi, bayan sati aka mayar. Kwanukan nan ta gan su a ɗakin amare uku a unguwarsu.

"Baffa, ni dai a ganina ba aljanu ba na," ta ce. "Aro na. Kamar yadda ake aron kayan jere in baƙi za su zo."

Baffa ya ajiye wayar a kan tabarma.

"Aro," in ji Baffa. "To wa ya san ranar da baƙon za shi zo in ba ni ba? Ke nan ni na maƙaryaci! Shekara talatin da fuɗu ina riƙe da alli, yau yarinyar da ba ta gama aji uku ba ta auna ni. Mu'awiya, ko ta janye maganar ga, ta ce idonta ya yi mata gizo, ko ta tafi gidansu ta huta."

"Ki ce gizo na mana, ɗiyar nan!" in ji Inna. "Mi zai ragu a jikinki?"

Hawaye suka sauko wa Hamdiya. "Baffa, ka yi mini gafara don Allah, bakina ya yi kaifi, kai uba na. Amma ba ni iya cewa ban ga abin da nig gani ba. Malam zai kai takardar binciken ga gaban manya da sunanshi a kai."

Ta saci kallon mijinta. Kansa yana sunkuye, yana murza hula a hannu. Bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi mata maganar Baffa zafi.

Kafin la'asar tana cikin bas ta Dogon Daji, garinsu, da ƙullin kaya kala biyu.

Kwana tara ta yi a gidansu. Ba saki, ba biko, ba waya. Tana daka sai hawaye, tana wanki sai hawaye. In ta rufe ido sai ta ga hannun nan a sama. Har ta fara tambayar kanta, anya ba Inna ce da gaskiya ba? Mahaifiyarta dai magana ɗaya take maimaitawa: "Ki yi haƙuri, kar ki zagi kowa, kar kuma ki sayi ɗakinki da ƙarya."

Rana ta goma da safe ta ji kukan babur. Mu'awiya ya daɗe a zaure wurin mahaifinta kafin a yi masa iso. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Hamdiya, na kasa rubuta ko layi guda. Sufabaiza, malamin da ke duba aikina, yana jira, ni kuwa in na buɗe laftof sai in ga yarinyar nan. Za ni koma gindin tsamiya yau, ba wanda nif faɗa ma. Babanki ya ba ni izni ki raka ni. Idona ya ruɗe ni sau uku, naki nika so."

"Ranar da anka kore ni ina idon naka yake?" ta ce, ba ta dube shi ba.

"Yana ƙasa. Na ji kunyar Baffa, nim manta da kunyar Allah. Ki yafe mini."

Ta ɗauko mayafinta.

Rana tana tsaka suka isa. Gero ya yi tsawo ya rufe hanya, dole suka jingine babur suka taka da ƙafa. Ba iska, ba kukan tsuntsu. Tsamiyar tana tsaye, inuwarta baƙi ƙirin, makarantar tana ƙarƙashinta, an shuka gero har jikin taga.

Mu'awiya ya yi sallama. Muryarsa ce ta dawo masa.

Suka sunkuya ƙarƙashin gidan rina suka shiga. Babu benci ko ɗaya. Kashin awaki ya rufe daɓe, gara ta gina shuri a kusurwa, jemagu sun yi layi a rufi suna reto da kawunansu a ƙasa. A jikin allo ga kwanan watan ranar da ya zo, ba wanda ya goge, ba wanda ya ƙara.

"Nan sunka zauna," ya ce da raɗa. "Wallahi nan. Su ashirin da shida."

Sai suka ji. Can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin bango, muryoyin yara suna haɗa baki.

"Biyu sau biyu, fuɗu... biyu sau uku, shidda..."

Mu'awiya ya damƙe hannunta, tafinsa sanyi ƙalau, yana karanta Ayatul Kursiyyu yana sarƙewa. Muryoyin su ɗauke, su dawo, su ɗauke. Ta runtse ido ta kasa kunne.

"Malam, ba cikin ɗakin ga ba na. Daga gabas suke."

"Mu koma, Hamdiya!"

"In munka koma, gidanmu za ka mai da ni."

Ta shige gaba cikin geron, ya bi ta. Ganye yana yankar fuskokinsu, ba sa ganin komai sai kara, muryoyin kuma suna ƙara matsowa. Sun yi tafiya mai ɗan nisa, sai gonar ta ƙare a bakin wata 'yar tunga.

Wata rumfar kara ce. A gefenta ga amalanken shanu. A ƙarƙashinta ga bencina, ga yara, ga mai koren hijabi a layin gaba tana cin ɗanyar gyaɗa a ɓoye. A gabansu kuwa wani tsoho da alli a hannu, ya juya baya yana rubutu a jikin murfin ganga.

Ya waiwayo. Allin ya faɗi.

"Baffa?" in ji Mu'awiya.

Baffa Maccido ya sallami yaran. Suka watse da ihu da tsalle, irin na 'ya'yan mutane. Ya zauna a kan benci.

"Su ke nan," ya ce. "Ƙauye uku, ɗiya ashirin da shida. Malaman da anka turo sun daina zuwa, ga laka, ga tsoron hanya. Ni nika tara su nan kwana fuɗu a mako. In baƙo za shi zo, sai in ɗora su a amalanke da bencinan in kai su, in ce su amsa sunan da anka kira, kar su yi wasa kar su yi surutu. Ina gudun a rubuta babu kowa, a shafe makarantun daga takarda. Biyu daga ciki da hannuna anka aza tubalinsu."

"Da na rubuta sun cika fa, Baffa?"

"Da an bar su."

"Da an bar su yadda suke," in ji Hamdiya daga bayan mijinta. Ta rufe bakinta da mayafi, amma maganar ta riga ta fita. "Wa zai kawo malami inda anka ce akwai?"

Tsohon ya dube ta, ido ya kawo ruwa.

"Na san gaskiya kif faɗi tun ranar. Na ga asirina zai tonu gaban ɗan da nir rena, sai nir rufe shi da aurenki. Wannan ba sutura ba ta, zalunci na." Ya juya wurin Mu'awiya. "Rubuta abin da kag gani. Rubuta jemagun, rubuta rumfar, rubuta har da amalanken. Amma yau mai da ta gidan ubanta. Ba kai za ka ɗauko ta ba."

Washegari Baffa Maccido ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki Inna Tambaya da ƙwaryar goro, suka sauka Dogon Daji. Dattijo mai furfura ya zauna a ƙasa a zauren surukinsa ya ba da haƙuri, bai ɓoye komai ba. Sannan ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji.

"Ɗiyata, ni nik kore ki, ni niz zo biko. Taso mu tafi ɗakinki."

Mu'awiya ya yi asarar wata shida, ya sake binciken daga farko, wannan karon ba ya sanar da kowa ranar zuwansa. Amma bai yi asarar sunansa ba, bai kuma yi asarar matarsa ba.

'Yan'uwana mata, girmama manya wajibi ne, kunya kuma ado ce. Sai dai kunya ba ta ce ki ƙaryata idonki ba. Ki durƙusa, ki sassauta murya, ki ba da haƙuri, amma ki bar gaskiya a inda take. Mai haƙuri a kan gaskiya, ko an rufe mata ƙofa, wanda ya rufe shi zai zo ya buɗe da hannunsa.