Koriyar Ƙofa

Ba son zane ne ya kai Surayya gidan baje kolin nan na Wuse ba, gaskiya ruwan sama ne ya koro ta. Hutun wata guda ta zo yi daga Katsina wurin mahaifinta, Alhaji Datti mai shagon atamfa a Dutse Alhaji, kuma ta ɗauri aniyar sai ta zaga garin da ta bari tana 'yar shekara tara.

Tana tafe tana kallon bango tana taɓe baki. Wani zanen ma ta rasa ina samansa ina ƙasansa. Sai ta iso kusurwa, ta tsaya cak.

Layin shaguna ne da rana ta yi yamma, babu mutum ko ɗaya a ciki. A tsakiya koriyar ƙofa, a gefenta keken ɗinki an lulluɓe shi da shuɗin zani. Ba ta san lokacin da yatsunta suka kai kan ƙofar ba.

"Hajiya, ba a taɓawa," in ji wata murya a bayanta.

Ta juyo. Wani dogon saurayi ne, farar rigarsa duk ɗigon fenti, yana ƙoƙarin haɗe fuska amma murmushi ya ƙi ba shi haɗin kai.

"Ƙofarmu ce," ta ce. "Keken mamata ne. Shagon babana ke nan kafin a yi rusau."

Murmushin ya ɓace. Ya ce sunansa Zakariyya, shi ya zana, kuma shagon mahaifinsa ne ke kallon wannan ƙofar a da. Babu hoto, daga ƙwaƙwalwarsa ya fito da layin gaba ɗaya. Da ta gaya masa maman ta rasu shekara guda bayan rusau, sai ya sunkuyar da kai ya yi mata addu'a.

Kafin ruwa ya ɗauke an karɓi lamba. Wai don ya turo mata hoton zanen ne, mu dai muka ce to.

Sati biyu ya yi yana yawo da ita gari. Ya kai ta rumfunan masu sassaƙa, ya kai ta gidan wata tsohuwa mai ginin tukwane, wadda ta dube su sau ɗaya ta tambayi ranar biki. A ko'ina sai Surayya ta kai hannu, shi kuwa ya laƙaba mata Sarkin Taɓe-taɓe. Ita ma ba ta bar shi haka ba, Oga Mai Fenti take ce masa.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Sarkin Taɓe-taɓe, tun ranar da kika taɓa ƙofar nan na kasa zana komai sai ke nake tunani. Ki zo ki gyara ɓarnar da kika yi."

Ta amsa: "Oga Mai Fenti, ni ma ban tsira ba. Amma ka yi min alkawari ɗaya, kada ka sayar da ƙofarmu."

"Na yi," ya rubuto.

Da maganar ta kai kunnen Alhaji Datti, ko ɗaga kai daga awon yadi bai yi ba.

"Mai zane? Surayya, zane wasan yara ne, ba sana'ar riƙe iyali ba. Ga Lukman ɗan aminina da shagon wayoyi biyu, yana ta aike. Ba zan miki dole ba, amma ba na ba da 'yata ga mai wasa da fenti."

Ranta a jagule ta koma gidan baje kolin, ko ganin ƙofar zai sanyaya mata zuciya. Sai ta tarar da wata 'yar jar sitika manne a gefen zanen. Ta tambayi Jennifer, mai kula da wurin.

"Ah, sista, in kin ga jan nan, kaya ya tafi ke nan. An saya."

Surayya ta fito ba ta ko ganin gabanta. Ita tana can tana jayayya da mahaifinta a kansa, shi kuwa ya sayar da keken mamanta. Kwana uku yana kira, kwana uku tana kifa wayar.

Rana ta huɗu ya rubuto: "Jennifer ta gaya min kin zo. Wani Bature ne ya nace sai ya saya, ni kuma ba ni da wata hanyar hana shi sai in manna jar sitika da hannuna. Mai ƙofar tana Dutse Alhaji tana fushi da ni. Na kai zanen gida, yana jiran ki."

Ta karanta sau uku, ta yi dariya, ta yi kuka, kunya kuma ta rufe ta. Da yamma ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. Ka je gidansa sau ɗaya ka ga aikinsa. In ka dawo ka ce a'a, wallahi na haƙura."

Ta san abin da ta sa a faifai, domin Alhaji Datti ba ya magana biyu.

Ranar Asabar suka tafi Gwagwalada. Ɗaki biyu ne da tsakar gida, ko'ina warin fenti, gwangwanaye jere a taga. Zakariyya ya durƙusa ya gaishe shi, Alhaji ya amsa a daƙile yana bin bango da kallo kamar mai duba kayan gwanjo. Surayya ta rakuɓe a bakin ƙofa.

Sai Alhaji ya iso gaban koriyar ƙofa. Ya daɗe a tsaye. Ya ciro tabarau ya saka, ya matsa kusa.

"Yaro, ka yi kuskure," ya ce. "Keken nan a hagu yake zama, ba a dama ba."

Surayya ta dubi Zakariyya.

"Da safe a hagu yake, Baba," in ji Zakariyya a hankali. "In rana ta juyo takan janyo shi dama, saboda inuwa. Ni kuma da yamma nake dawowa daga makaranta."

Alhaji ya sake duban keken. Ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa, alhali ba tabarau ne ya jiƙe ba.

"Haka ne," ya ce da ƙyar. "Ni nake kama mata mu janyo shi. Shekara goma sha biyar, ko hoton wurin nan ba ni da shi."

Ya miƙa hannu ya shafa shuɗin zanin da ke kan keken. Zakariyya ya buɗe baki don sabo, ya dubi Surayya, ya mayar ya rufe. Ashe taɓe-taɓen gado ne.

Alhaji bai juyo ba ya ce, "Ka ce wa manyanka ina gida ranar Juma'a."

Bayan wata uku aka ɗaura aure a Dutse Alhaji. Lukman ma ya zo, ya ci shinkafa ya yi fatan alheri. Zanen kuwa bai bi amarya Gwagwalada ba. Yana falon Alhaji Datti, daidai inda yake zama bayan la'asar, kuma duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa inda keke yake da safe da inda yake da yamma.

Jar sitikar ce kaɗai Surayya ta ɓamɓare. Ranar da aka kai ta ɗakinta, ta manna ta a aljihun rigar angon.

"Ta mece ce wannan, Sarkin Taɓe-taɓe?"

"Don masu tambaya," ta ce. "Su san kaya ya tafi."

Allah ya sanya albarka a gidan nan mai warin fenti, ya ba su zuri'a ta gari, ya jiƙan mai keken ɗinki.