Fartanyar Mai Hannu Ɗaya

A wani zamani an yi wani saurayi mai hannu ɗaya. Da ya tasa, ubansa ya yankar masa gayauna, wato 'yar gonarsa ta kansa, kamar kowane saurayi.

Ya ɗauki fartanya ke nan, sai baffansa ya fizge, ya ce, "Ajiye, ɗana, kada ka hana mu lada!" Ran shuka, kada ka hana mu lada. Ran girbi ma, kada ka hana mu lada. Baffa ya tara lada, saurayi ya tara zama a gindin kuka.

Da ya je neman aure, uban yarinya ya tambayi sana'arsa. Baffa ya girgiza kai, ya ce, "Allah sarki, ai ko fartanya bai taɓa riƙewa ba."

Damina ta zagayo. Saurayi ya sa igiya da haƙori ya ɗaure fartanya a hannunsa. Baffa ya sheƙo a guje, ya fizga, fartanya ta ƙi fita.

Saurayi ya ce, "Baffa, in lada kake nema, ƙara tamke mini ƙullin nan."