Kwanon Shehu, Bencin Zulkifli

"Rahila, daina kukan nan mana, sanyin idona..."

"Ba kuka nake ba, Irmiya! Haushi ne ya rasa hanya yake fito min ta ido!"

Ya so ya yi dariya, na harare shi, ya haɗiye ta. Yammacin Asabar ne. Daga garejinsa na Birnin Kudu ya taso a babur har ƙauyenmu da ke gefen Dingaya, ko baƙin man hannunsa bai wanke ba.

"Gobe fa sanarwar aurenmu ta uku," na ce. "Ka san ƙa'idar ikilisiyarmu. Sai babana da babanka sun tsaya gaban jama'a kafaɗa da kafaɗa sun ce sun yarda. In ba su tsaya ba, Fasto ba zai sa ranar aure ba."

"Na sani..."

"To ta yaya za su tsaya tare, ɗaya a ciki ɗaya a waje?"

Ya sunkuyar da kai.

Zaɓen kansila ne ya jawo mana. Alhaji Shehu, ɗan takara, ya ba majami'armu kwanon rufi. Da Alhaji Zulkifli, abokin karawarsa, ya ji, sai ya aiko da bencina sababbi fil. Abin takaici ma, motar Malam Nu'uman maƙwabcinmu ce ta kawo duka biyun, ya sauke, ya ce Allah ya sa albarka, ya yi gaba abinsa.

Mu kuwa muka rabu biyu.

Babana, Baba Maikuɗi, na Shehu ne. Ya lashi takobi ba zai zauna kan bencin Zulkifli ba, kullum da 'yar kujerarsa ta tsugunno yake zuwa sujada. Baba Iliya, mahaifin Irmiya, na Zulkifli ne. Shi kuma ya ce ƙafarsa ba za ta taka inuwar kwanon Shehu ba, sai dai ya zauna gindin tsamiya ya ji wa'azi ta taga.

Dattawan ikilisiya ne fa! Rana ɗaya aka yi musu baftisma, a rafi ɗaya. Su ne masu raba Jibin Ubangiji, babana ke riƙe gurasa, Baba Iliya ke riƙe ƙoƙo.

"Ki ƙara roƙonsa," in ji Irmiya. "Ni na roƙi nawa har muryata ta dishe. Rahila, in ba ke ba, ba kowa."

"Ka ajiye daɗin baki, ka tafi kafin duhu."

A gida na tarar da Baba yana casar geron iri. Na durƙusa.

"Baba, gobe..."

"Ya shigo ciki. Ni ina nan."

"Ya ce ba zai shigo ba."

"To ya ta zama tare da birai a gindin tsamiya! Mutumin da ya ce wai ɗan takarata ko rijiya ba zai iya yashewa ba?"

"Baba, Alhaji Shehun ya san sunana?"

"Ke! Ni kike wa rashin kunya?"

Inna Tani, mahaifiyata, ta ɗago daga bakin murhu.

"Malam, tambaya ta yi. Ya sani?"

Baba ya kaɗe rigarsa ya fice.

Na zauna ina huci. "Inna, na gaji! Wancan ya ƙi kwano, wannan ya ƙi benci. Kafin a samu kwano da benci, a ina aka yi sujada?"

"Gindin tsamiyar nan mana. A ƙasa muke zama. Nan aka ɗaura aurena da ubanki, Iliya ne ma abokin ango."

Na dube ta. Ta dube ni. Ta ajiye muciya a hankali.

"Ke da ko amsa 'amin' da ƙarfi ba kya iyawa?"

"Zan iya, Inna... in za ki biyo ni."

Gari ya waye Lahadi. Ranar Jibi ce, majami'a ta cika. 'Yan Shehu a dama, 'yan Zulkifli a hagu, ana hararar juna ta saman littafin waƙa. Baba na tsakiya kan 'yar kujerarsa, farantin gurasa a gabansa.

Fasto Nuhu ya ce mawaƙa su ba da waƙar buɗewa.

Na miƙe, don ni ce mai ba da waƙa. Na ɗauko waƙar. Maimakon in tsaya a gaba, sai na nufi ƙofa.

"Ina za ta?" na ji wani ya ce.

Wayyo, har na kai dokin ƙofa ba wanda ya motsa! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai na ji muryar Inna ta amsa. Matan zumunta, ƙungiyar su Inna, suka miƙe gaba ɗaya, na dama da na hagu, kowacce da tabarma a hammata. Ashe Inna ta shirya su tun daren jiya. Irmiya ya saɓa ganga ya biyo, samari suka rufa masa baya.

Baba Iliya ya zabura da ya ga mun kewaye shi.

"Lafiya? Gobara ce?"

"Lafiya lau, Baba," na ce. "Mun zo inda ba na Shehu, ba na Zulkifli."

Fasto ya fito a ƙarshe, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Ya ce, "To, inda tumaki suke, nan makiyayi yake."

Saura mutum ɗaya a ciki.

Aka gama wa'azi, lokacin Jibi ya yi. Ga ƙoƙo a hannun Baba Iliya, babu gurasa. Kowa ya zuba wa ƙofa ido.

Can sai ga Baba, faranti a hannu, fuska a murtuke. Ya tsaya gaban Baba Iliya. A wurinmu su biyun ke fara ba juna kafin jama'a, kuma ba a karɓa da gaba a zuci.

Suka yi ido huɗu.

"Iliya," in ji Baba, "ɗan takararka ba zai ci ko akwatin gidansu ba."

"Naka fa? Kwanonsa ma yoyo yake."

"Ina ka sani, kai da ba ka taɓa shiga ba?"

Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya. Baba Iliya ya dubi ƙasa.

"A nan na tsaya maka ranar aurenka, Maikuɗi."

Baba ya gutsuro gurasa.

"Karɓi... Jinin Yesu ɗaya ne ya saye mu. Ka yafe min."

"Ni ma ka yafe min, ɗan'uwana."

Ya miƙa masa ƙoƙo. Baba ya sha, hawaye na bin gemunsa.

Da Fasto ya karanta sanarwa ta uku, ba sai an kira su ba, suna nan tsaye kafaɗa da kafaɗa.

"Kun yarda?"

"Mun yarda!"

Matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Irmiya ya matso ya raɗa min, "Amaryata, yanzu kuma haushi ne?"

"Yanzu kam kuka ne," na ce.

Ranar zaɓe, babur ɗaya suka hau zuwa rumfa. Babana na tuƙi, Baba Iliya a baya, suna musu har suka ɓace mana. Kowa ya dangwala wa nasa.

Aurenmu kuwa a cikin majami'a aka ɗaura, ƙarƙashin kwanon, a kan bencin. 'Yar kujerar Baba tana bakin murhu, Inna ta ce daman tata ce.