Gyaran Masunci

Ornella Bassi tana naɗar karatun wani littafin binciken kisa a ɗakin ɗaukar murya, ƙarƙashin wani tsohon gini a Genova. Da magariba Fulvio mai na'ura ya haura shan kofi, ya bar ta tana karanta inda masunci ke roƙon wanda zai jefa shi teku.

Sai ta ji wata shaƙaƙƙiyar murya a kunnenta.

"Baiwar Allah, sake wurin nan. Ni ban roƙe shi ba."

"Fulvio, bar wasan banza, na gaji."

Ƙarnin teku ya cika ɗakin. Ta ɗago kai. Bayan gilashi, wani dattijo ne zaune a kujerar Fulvio, ruwa na ɗiga daga gemunsa, bakinsa a rufe gam.

"Sake," in ji muryar. "Ina saurare."