Baƙon da Mofiz Ya Yi wa Tayin Shinkafa

Magariba ta kawo jiki. Mofizuddin yana zaune a tabarma yana cire ƙayar kifi, 'yarsa Jhorna tana zuba masa shinkafa, ba mai ce wa wani uffan. Haka suke cin abinci tun rasuwar Hasna, uwar yarinyar. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Aka ɗan jima, wani ya biyo baya.

Mofiz ya leƙa lungu. Ba kowa, ko kare babu. Da ya dawo, ya tarar Jhorna ta cika faranti na uku ta ajiye a inda ba mutum.

"Uwata," in ji Mofiz, don haka yake kiran 'yar, "wannan na wa?"

"Na baƙonka mana," in ji ta, da wata murya mai kauri wadda ba tata ba.

Mofiz mai goge jiragen sama ne a gidan tarihi na ƙasa, nan birnin Dhaka. A cikinsu akwai wani tsoho mai farfela guda, na zamanin yaƙi, da aka yasar a ƙuryar rumfa inda baƙi ba sa ƙarasawa. Da Hasna ta rasu, Mofiz ya kasa kuka a gaban 'yarsa. Sai ya zama in an tashi aiki, ya hau tsani, ya jingina da kujerar matuƙi, ya yi ta zuba wa jirgin zance. Jirgi ba ya gulma, ba ya kuma cewa ka yi haƙuri.

Ana nan aka ce za a fente jirgin, a kai shi babban zaure, a rufe wurin matuƙi da gilashi. Ranar rufewa Mofiz ya shafa fiffiken. Mutumin garin nan kuwa ba ya rabuwa da abokin hira bai yi masa tayi ba, don haka ya ce, "Ka zo gida wata rana mu ci shinkafa." Da magariba fa! Kowa ya san ba a yi wa kango tayi a wannan lokacin, amma kaɗaici ba ya barin mutum ya yi tunani.

Daga nan kullum rana ta faɗi sai jifa. Wani lokaci a ji gurnani a madafa kamar farfela na juyawa a hankali. Jhorna ta daina zuwa kamfanin ɗinki, ta rame, ta koma hawa rufi tana miƙe hannuwa. Tsoro ya kama Mofiz ƙwarai, don ita kaɗai ta rage masa a duniya.

Ya je ya ɗauko Hujur Abdul Baten, tsohon malamin da ake kai wa irin wannan. Hujur ya zuba busasshen barkono a garwashi, ya yi ta karatu har yarinyar ta fara makyarkyata.

"Kai wane ne? Me ya sa ka yi wa gidan mutane kutse?"

"Ban yi kutse ba, Hujur, gayyata ta aka yi. Tambaye shi." Idonta ya juyo kan uban. "Ina cikin jirgin nan tun da matuƙinsa ya sauka bai dawo ba. Dangina sun watse da aka sare itatuwa aka yi benaye. Ba wanda ya taɓa yi mini magana sai wannan. Na san Hasna na fita ta tsaya a ruwan farko na damina. Na san waƙar da take yi in tana tsifa. Na shiga kan yarinyar nan na duba, wayam! Bai ba ta labarin ko ɗaya ba."

Mofiz ya sunkuyar da kai.

"Fita za ka yi," in ji Hujur.

"Ku bar ni a wani lungu. Ba ni da ci."

"A'a."

"To ya riƙa yi mini magana ta bayan gilashi. Ko sallama ce."

Hujur ya dubi Mofiz. "Ɗana, muddin ka amsa masa, ƙofa a buɗe take, kuma ta jikin 'yarka zai shigo. Kai ka yi tayin, kai za ka janye."

Wallahi Mofiz ya ji kamar zai sake binne wani. Daga bisani ya ce, "Na janye. Ka yafe ni."

"Shi ke nan," in ji muryar, a sanyaye.

Kamar yadda aka saba, Hujur ya sa a cika tulun tagulla da ruwa don a ga shaidar tafiya. Jhorna ta ciji bakin tulun, ta ɗaga shi da haƙora, ta kai shi dokin ƙofa. Nan ya faɗi, ita ma ta zube a sume.

Kashegari da yamma Mofiz yana goge jirgin, zaure ya watse, sai ya ji ana ƙwanƙwasa gilashi daga ciki, a hankali. Ya cije leɓe, ya gama gugarsa, ya sauko.

A gida faranti biyu ne. Ya daɗe yana juya shinkafa da yatsu.

"Uwata," ya ce, "kin san uwarki ba ta gudun ruwan farko?"

Jhorna ta tsame hannu daga abinci, ta gyara zama.