Gurbin Bugu Na Biyu

Aika ce ƙarama. Nafisat, 'yar wansa marigayi Hambali, ta tare Malam Badamasi a bakin kwatar ruwa yana dawowa daga gonar albasa, ta roƙe shi ya rufe mata gidan tarihin da take kula da shi, ɗanta ba lafiya. Bai so ba, amma ya karɓi makullin.

Gidan uban su Badamasi ne. A zaurensa aka yi shekaru ana bugun turkuɗi, baƙin zanen nan mai ƙyalli, har Buzaye suna zuwa Kura saye. Mutum biyu ke zama fuska da fuska, gungume a tsakani, wannan ya sauke ɗan bugu wancan ya ɗaga. Shi da Hambali haka suka tashi. Da ruwan noman rani ya iso, Badamasi ya ajiye nasa wata yamma ya ce, "Sai gobe." Shinkafa ta ɗauke shi, daga nan albasa. Goben ta yi shekara talatin. Hambali ya ci gaba shi kaɗai har ya rasu, 'yan gari suka share gidan suka jera kaya, 'yan makaranta suna zuwa kallo. Ko ranar buɗewa Badamasi bai taka ba, kuma ba aiki ne ya hana shi ba, kunya ce.

Rana ta yi ja lokacin da ya shiga. Ya yi sallama don sabo. Warin shuni ya doke shi, ɗanye, kamar yanzu aka tsamo zane.

Ya kama ƙofa ke nan.

Dum.

Shiru. Sannan dum.

Ya san wannan shirun. Daidai tsawon bugu ɗaya ne. Nasa.

Gungumen na nan, da takardar da aka rubuta kada a taɓa. Gefe guda na tabarma ya lotsa, alhali ba kowa a kai.

"Auta," aka ce a hankali. "Ka makara."

Bai san sanda ya zauna ba. Ɗan bugu na hannunsa. Ya sauke, aka amsa. Ya sauke, aka amsa. Hawaye na zuba, don rabonsa da jin daɗi irin wannan ya manta.

Sai bugun ya ƙara sauri. Yatsunsa suka ƙage. Sanyi ya hau daga gwiwar hannu ya nufi ƙirji. Ladan ya kira magariba, can nesa kamar daga ƙasan rijiya.

"Yaya, an kira salla. Sai gobe."

"Ka taɓa faɗa min haka."

Numfashinsa ya fara yankewa. Ya gane wannan kalmar ba za ta fitar da shi ba.

"Ba zan dawo ba, Yaya. Ban dawo ba, kuma ba zan dawo ba. Ka yafe min. Ka ajiye."

Bugu ɗaya ya biyo. Aka jira shi. Bai sauke nasa ba.

Wani abu mai nauyi ya gangara ƙasa, tabarmar ta miƙe. Badamasi ya fita da rarrafe.

Shunin da ya kama tafin hannunsa a ranar bai fita ba har yau, duk da sabulu da toka. Maƙwabta sun ce sun huta, ƙarar da suka daɗe suna ji da magariba suna yin shiru da bakinsu ta ɗauke. Shi kuwa kullum yamma yana jingine kekensa a ƙofar gidan, ya kara kunne a bango har a tayar da salla. Ba ya jin komai.